Wasiƙa Zuwa ga Edita: A Ba Ƙungiyoyin Wasannin Manyan Makarantun Kano Gurbi a Shafin Wasanni

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani giɓi da na daɗe ina gani a shafinku na wasanni, wato rashin labarin ƙungiyoyin wasanni na jami'o'i da kwalejojin da ke birnin Kano da kewayensa. Ni tsohon malamin wasanni ne, na horar da yara a makarantun sakandare har na yi ritaya, kuma har yau ina zuwa filayen manyan makarantu domin in ga yadda waɗanda suka bi ta hannuna suke ci gaba. Buƙatata guda ɗaya ce: a ware wa waɗannan ƙungiyoyi gurbi na dindindin, ko da rabin shafi ne a kowane mako, inda za a riƙa kawo sakamakon wasanninsu, da shirin da suke yi, da matsalolin da suke fama da su.

Duk wanda ya buɗe shafin wasanni na jaridun Hausa, ko ya kunna shirin wasanni a gidajen rediyonmu, zai ji ɗan wasan da ya ji rauni a Real Madrid, da kuɗin da Chelsea ta kashe a kan sabon ɗan wasa, da kocin da ake shirin sallama a Ingila. Ba na ganin laifin wannan, domin mutanenmu suna son gasar Firimiya da ta Sifaniya, gidajen kallon ƙwallo daga Kurna har Hotoro sun isa shaida, kuma jarida ba ta rayuwa sai da abin da mai karatu yake nema. Kano Pillars ma tana samun kasonta, kuma ta cancanta, domin ƙungiya ce da aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, sannan a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Abin da yake damuna shi ne, da zarar an gama labarin Sai Masu Gida sai a koma Turai kai tsaye, alhali tsakanin biyun nan akwai matasa masu ɗimbin yawa da suke wasa da sunan makarantunsu a cikin garin nan.

Akwai Jami'ar Bayero, wadda ta samo asali tun 1960 a matsayin kwaleji, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da tsohon mazauninta da kuma sabo a kan titin Gwarzo. Akwai Jami'ar Northwest, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, da makarantar Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, da tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kabuga wadda aka ɗaga darajarta zuwa jami'ar ilimi, da Kwalejin Aminu Kano da muka fi sani da Legal, da Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, ga kuma jami'o'i masu zaman kansu da suka ƙaru a 'yan shekarun nan. A irin waɗannan makarantu ana yin gasa tsakanin sassa da tsangayoyi, ana cin kofin shugaban makaranta, ana buga ƙwallon ƙafa da ta kwando da ta raga da ta hannu, ana guje-guje da tsalle-tsalle, ana ƙwallon tebur da takwando da judo. Ranar wasan ƙarshe fili yakan cika da ɗalibai, a yi kiɗa, a yi ihu, wasu su yi kuka, amma washegari ba za ka ga ko layi ɗaya a jarida ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan motsa jini ne kawai na cikin gida. Waɗannan ƙungiyoyi suna da gasanni na ƙasa da suka girmi yawancin masu karanta wannan shafi. Gasar jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, an fara ta a 1966 a Jami'ar Ibadan, kuma tun daga lokacin take zagaya jami'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karɓi baƙuncinta fiye da sau ɗaya, Jami'ar Maiduguri ta karɓa, ita ma Jami'ar Bayero ta saukar da baƙin gasar a nan Kano cikin shekarun 1990. Kwalejojin fasaha suna da tasu mai suna NIPOGA, kwalejojin ilimi suna da NICEGA. Wanda ya yi fice a waɗannan yana iya wakiltar makarantarsa a gasar jami'o'in Afirka ta Yamma, ko ya wakilci ƙasa a gasar jami'o'in duniya. Kafin a kai ga babban taron kuma akwai wasannin share fage na shiyya-shiyya, inda makarantunmu suke karawa da maƙwabtansu domin samun gurbi. Kowane mataki a cikin wannan tafiya labari ne da ya dace Bakano ya karanta da harshensa.

Bari in tsaya kaɗan a kan teburin lambobin yabo na NUGA, domin akwai darasi a cikinsa da mai sharhin wasanni ne kaɗai zai iya fitarwa ga jama'a. A gasar da aka yi a Jami'ar Legas a 2022, Jami'ar Fatakwal ce ta zo ta ɗaya, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Wanda bai san yadda ake lissafin ba zai ce ai sun fi mu iya ƙwallo ne. Ba haka abin yake ba. Ƙwallon ƙafa, duk yawan 'yan wasanta da tsadar kai su gasa da ciyar da su, zinare ɗaya take bayarwa a ɓangaren maza, ɗaya a ɓangaren mata. Ninƙaya kuwa, da guje-guje, da wasanni irin su judo da takwando da ake rabawa bisa nauyin jiki, kowannensu yana ɗauke da lambobi masu yawa, har ɗalibi guda yana iya komawa gida da zinare biyu ko uku. Makarantar da take da wurin ninƙaya mai aiki da filin tsere mai kyau da masu horarwa na dindindin, ta riga ta yi nisa tun kafin a busa usur. Idan makarantunmu suka ci gaba da zuba ɗan abin da suke da shi a kan ƙwallon ƙafa kaɗai, za su ci gaba da zama a ƙasan tebur ko da sun ɗauki kofin ƙwallon. Wannan bayani ne da ya kamata shugabannin makarantu da iyaye su ji, kuma jarida ce za ta iya isar da shi.

A ƙwallon ƙafar ma akwai abin faɗa. A 2018 aka fara gasar manyan makarantu da ake kira HiFL, inda kowace jami'a ta fito da sunan ƙungiyarta. Ta Jami'ar Bayero ita ce BUK Stallions, ta Wudil kuma KUST Pyramids. A 2021 ƙungiyar Jami'ar Maiduguri, Desert Warriors, ita ce ta ɗauki kofin, makarantar da take cikin garin da ya sha fama da rikici shekara da shekaru. Wannan nasara ce da ta isa a yi ta maimaita ta a kunnen kowane matashin Arewa, amma idan ka tambayi samarin da suke zaune a majalisa, waɗanda za su iya kawo maka sunayen 'yan wasan Barcelona har da na benci, da wuya ka samu wanda ya san makarantar unguwarsu tana da ƙungiya mai suna da riga. Ba laifinsu ba ne, domin ba a gaya musu ba.

Babban dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da wannan shiru yake jawowa a gidajenmu. A nan Kano an daɗe da raba wa yaro hanya biyu, ko boko ko tamaula, kuma an sa masa a rai cewa ba sa haɗuwa. Uba yana ganin ɗansa ya fara ɗaukar takalmin ƙwallo sai hankalinsa ya tashi, domin a saninsa ƙarshen abin shi ne barin makaranta. Shi kuma yaron da Allah ya ba ƙafa, yana gama sakandare, wani lokacin ma kafin ya gama, sai ya ajiye littafi ya bi kulob ɗin unguwa, yana jiran ranar da wani dillali zai kai shi gwaji ƙasar waje. Na ga iyayen da suka sayar da fili suka ba irin waɗannan dillalai kuɗi, yaro ya tafi ya maƙale a wata ƙasa babu kulob babu kuɗin dawowa. Na ga waɗanda aka rage wa shekaru a takarda har suka rasa wace ranar haihuwa za su rubuta. Na ga wanda gwiwarsa ta lalace yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya dawo gida ba ƙwallo, ba takardar shaida, ba sana'a. Daga cikin ɗaruruwan da suke buga Kofin Ramat da sauran gasannin matasa a garin nan, ƙalilan ne za su ci abinci da ƙwallo, kuma wannan gaskiya ce da duk mai horarwa ya sani ko da bai faɗa ba. Ƙungiyar makaranta ita ce hanya ta uku: yaro ya yi wasansa, ya nuna kansa, kuma ya fita da difloma ko NCE ko digiri. Amma uban da bai taɓa ganin hoton ɗalibi riƙe da kofi a jarida ba, an rubuta sunansa da sashen da yake karatu, ta ina zai yarda cewa wannan hanya tana nan?

Misalan da za su gamsar da iyaye ba su da nisa. Segun Odegbami, wanda yana cikin waɗanda suka ci wa Nijeriya kofin Afirka a 1980, ya karanta injiniya a Kwalejin Fasaha ta Ibadan. Abokin wasansa Adokiye Amiesimaka ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, daga baya har ya riƙe muƙamin Antoni Janar na Jihar Ribas. A nan kusa da mu, Zariya ta zama gidan ƙwallon kwando saboda aikin da Ba'amurken koci Oliver Johnson ya daɗe yana yi a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cikin yaran da suka koya a hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda yake shugabantar Toronto Raptors ta Kanada lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2022 da daƙiƙa 12.12, ta bi ta Jami'ar Texas da ke El Paso. A Amurka wasannin makarantu suna da kuɗi da 'yan kallo saboda dalilai da yawa waɗanda ba mu da su, ban kuma ce mu kwaikwaye su a komai ba, amma ɗaya daga cikin dalilan yana hannunmu, wato jaridun garuruwansu suna bin ƙungiyar makarantar garin wasa bayan wasa, har jama'a suka ɗauke ta tasu.

Dalili na biyu shi ne tarihi. Abin da ba a rubuta ba yakan tafi tare da masu shi. Ɗalibi yana yin shekara biyu ko uku ko huɗu ne ya wuce, shugabannin ƙungiyar ɗalibai suna canzawa kowace shekara, daraktan wasanni ma ana sauya shi. Je ka wata makaranta ka nemi sanin wanda ya fi kowa gudun mita 400 a tarihinta, ko shekarar da ƙungiyar ƙwallon hannunta ta fi yin nisa a gasar ƙasa, za a nuna maka kofuna a cikin kabad sun yi ƙura, wasu babu ko rubutun shekara a jikinsu, sai dai a tura ka wajen wani tsohon ma'aikaci ko zai tuna. Mai tsere ba ya ƙara sauri sai ya san lokacin da yake son karyawa, ƙungiya kuma ba ta yin kishi sai ta san abin da na gabanta suka yi. Shafin jarida da yake fitowa kowane mako, ana kuma adana shi a intanet, shi ne zai zama ma'ajiyar da makarantun suka kasa yi wa kansu.

Dalili na uku ya shafi kuɗi, kuma a nan nake so wakilanku su fi sa ido. A yawancin manyan makarantu, cikin kuɗin rajistar da ɗalibi yake biya kowace shekara akwai kason wasanni. Idan aka dube shi a kan ɗalibi ɗaya ba shi da yawa, amma idan aka tara na dubban ɗalibai ya zama kuɗin da ya isa a tambayi inda ya shiga. Na taɓa raka ƙungiyar wata makaranta, wadda ba zan ambaci sunanta ba, zuwa wasan share fage a wata jiha. An tara yaran ne saura 'yan kwanaki a tafi, babu wani atisaye na kirki kafin nan, rigunan da suka saka aro ne daga kulob ɗin unguwa, motar da aka ba su ta lalace a hanya har suka isa da dare suka buga wasa da safe, kuma babu ma'aikacin lafiya ko akwatin magani a tare da su. Bayan sun dawo suka yi watanni suna sintiri a ofisoshi a kan ɗan alawus ɗin da aka yi musu alkawari. Ban ce haka kowace makaranta take ba, domin akwai daraktocin wasanni da na sani suna sayen ƙwallo da raga daga aljihunsu, su ma sun cancanci a faɗi alherinsu. Amma inda babu mai tambaya, mai gaskiya da marar gaskiya duk ɗaya suke a idon jama'a. Ɗan jarida yana iya zuwa cikin ladabi ya tambaya: nawa aka tara na wasanni a bana, me aka saya, masu horarwa nawa ne makaranta ta ɗauka aiki, yaushe ƙungiya take atisaye, kuma wa yake biyan kuɗin asibiti idan ɗalibi ya karye yana wasa da sunan makaranta? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi ci mini rai, domin sau da yawa iyaye ne ake bari da ɗawainiyar.

Akwai kuma matsalar sojojin haya, wadda kowa a harkar ya sani amma ba a cika son a taɓo ta ba. Dokar waɗannan gasanni ita ce ɗalibi na haƙiƙa ne kaɗai zai wakilci makaranta. Duk da haka, idan gasa ta matso, wasu sukan ɗauko 'yan kulob daga waje a yi musu katin shaida na wucin gadi, a bar ɗaliban da suka sha rana suna atisaye a benci ko ma a gida. Wannan zalunci ne ga ɗalibin da aka danne, kuma koya wa matasa maguɗi ne a wurin da aka kawo su domin a koya musu gaskiya. Maganinsa mai sauƙi yana wajen jarida: idan tun farkon zango ana buga sunayen 'yan wasa da sassansu da ajin da suke, abokan karatunsu suna gani, zai yi wuya a wayi gari da baƙuwar fuska a ranar gasa ba tare da an yi magana ba.

Ina so masu karatu su san irin wahalar da ɗalibi ɗan wasa yake sha, domin su daraja abin da yake yi. An daɗe ana kiran a bar yammacin Laraba babu lacca saboda wasanni, amma a aikace sau da yawa a wannan lokacin ne malami yake sa darasin da ya rasa ko ya ba da gwaji, ɗalibi ya rasa wanda zai zaɓa tsakanin koci da malami. Wanda ya tafi gasa da izinin makaranta yana iya dawowa ya tarar an yi gwaji babu shi, kuma babu wata takarda da za ta sa a sake masa. Yajin aiki ma yana rusa ƙungiya fiye da yadda ake zato: na malaman jami'o'i a 2020 ya ɗauki kimanin wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma ƙungiyar da ta watse tsawon wannan lokaci sai an sake gina ta daga tushe, ga shi bayan an dawo ana matse zangon karatu har babu sararin komai sai lacca da jarrabawa. Sannan ga yanayin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ba a iya atisaye sai da sassafe ko bayan la'asar. Da hunturu ƙura tana shaƙe mai gudu. Da damina filayen da babu magudanar ruwa suna zama taɓo. Da azumi kuwa dole a sauya tsari gaba ɗaya. Yawancin ɗalibanmu kuma ba a makaranta suke kwana ba, daga gida suke zuwa, kuɗin adaidaita sahu na dawowa atisaye da yamma ma wani nauyi ne. Wanda ya jure duk wannan ya ci jarrabawarsa, ya kuma ciyo wa makarantarsa lambar tagulla, bai kamata ya wuce ba a san sunansa ba.

Filayen ma suna buƙatar mai tsaron su. Yayin da ɗalibai suke ƙaruwa, filin wasa shi ne wurin da ido yake fara faɗawa idan ana neman inda za a gina ajujuwa ko shaguna, kuma filin da aka zuba wa kankare ba ya dawowa. Garin da filin wasansa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, bai dace a ce makarantunsa suna rasa filayen atisaye ba tare da wani ya ɗaga murya ba.

Game da ɗalibai mata, na san batu ne da ake taka-tsantsan da shi a garinmu, kuma ina girmama dalilan. Amma 'ya'yanmu mata suna karanta ilimin motsa jiki da kiwon lafiya a waɗannan makarantu, su ne za su koyar da shi gobe a makarantun 'yan mata, kuma suna buga ƙwallon raga da ta hannu da ta tebur da badminton cikin suturar da ta dace da addininsu da al'adarsu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai a wasa tun 2014, ta ƙwallon kwando ma ta amince a 2017, saboda haka babu dokar da take tilasta wa yarinya ta bar hijabinta kafin ta shiga gasa. Abin da suke buƙata shi ne wurin atisaye mai sirri, da mata masu horarwa, da malama mai rakiya idan za a yi tafiya. Makarantar da ta tanadi waɗannan ta cancanci yabo a shafinku, kuma rahoto na mutunci, wanda wakiliya mace ta rubuta da yardar ɗaliban, zai kwantar da hankalin iyaye fiye da duk wata lacca. Idan aka tuna cewa kusan rabin lambobin gasa a ɓangaren mata suke, za a ga cewa makarantar da ta tafi da maza kaɗai ta bar rabin damarta a gida.

Haka nan ɗalibai masu buƙata ta musamman. Ɗan Kano ne, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ƙwallon masu lalurar ƙafa da ake bugawa da hannu a kan allo mai taya a 1988, kuma jiharmu ta yi suna a wannan wasa. Ya dace a tambayi makarantunmu, musamman masu sashen ilimi na musamman, wane tanadi suka yi wa irin waɗannan ɗalibai a fili. Langa da kokawa da dambe ma namu ne, ana yin su a gasannin ƙasa, kuma babu abin da zai hana su samu gurbi a gasar tsangayoyi.

Na san amsar da za a iya ba ni, cewa jarida ba ta da isassun wakilai, kuma mai karatu ba ya neman wannan labari. Game da na biyu, mai karatu ba ya neman abin da bai san da shi ba, kuma kowane ɗan wasa da aka buga sunansa yana da iyaye da 'yan'uwa da abokan aji da 'yan unguwa da za su nemi shafin su yaɗa shi a WhatsApp da Facebook. Tsofaffin ɗalibai kuma, waɗanda yanzu suke riƙe da kasuwanci da ofisoshi a Kano da Abuja, suna da kishin makarantunsu, kuma daga cikinsu ne masu ɗaukar nauyi za su fito. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ba zai sa sunan shagonsa a rigar da ba mai ganinta ba. Game da na farko, wakilan suna nan a cikin makarantun. Jami'ar Bayero tana da tsangayar koyar da aikin jarida da gidan rediyonta, wasu makarantun ma suna koyar da wannan fanni, kuma ɗalibansu suna neman inda za su gwada hannunsu. A zaɓi ɗaya ko biyu a kowace makaranta, a koya musu abin da ake so, wato wa ya buga da wa, a ina, yaushe, nawa aka tashi, wa ya ci, me koci ya ce, sai hoto mai kyau guda ɗaya, editan wasanni ya tantance kafin a buga. Reshen Kano na ƙungiyar marubuta wasanni ta ƙasa, SWAN, yana iya taimakawa wajen horar da su.

Su ma makarantun akwai nasu aikin. Ofishin wasanni ya riƙa fitar da jadawalin zango tun da wuri ya aika wa gidajen jarida da rediyo, maimakon a liƙa takarda a jikin allo ana gobe wasa. A sanar da sakamako ko an ci ko an sha kashi, domin ƙungiyar da ba a jin labarinta sai ranar nasara ba ta tara magoya baya. Ina kuma ba hukumar wasanni ta jiha da shugabannin Kano Pillars shawara su duba yiwuwar barin ƙungiyoyin makarantu biyu su kara kafin babban wasa a ranakun da Pillars take gida, domin 'yan kallo sun riga sun taru, masu neman 'yan wasa ma suna wurin. Hakan zai buɗe ƙofa tsakanin makarantu da kulob, ya kuma ba yaran da suke fitowa daga cibiyar wasanni ta Karfi da makarantun sakandare dalilin neman gurbin karatu maimakon jiran dillali.

Idan kun amince da wannan roƙo, ina ganin wurin farawa shi ne wakilinku ya zagaya ofisoshin wasanni na waɗannan makarantu ɗaya bayan ɗaya, ya kawo mana irin wasannin da kowace take yi, da halin da filayenta suke ciki, da gasar da take shirin zuwa a wannan shekarar karatu. Ni da wasu abokan aikina tsofaffin malaman wasanni a shirye muke mu raka shi, mu haɗa shi da masu horarwa, mu kuma ba shi tsofaffin hotuna da takardun sakamako da muke ajiye da su, ba tare da an biya mu komai ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin wasanni,
Gwale, Kano.